Kan kibiyar Zwickey Eskimo: ya dace da mai fara harbin barewa da bakan sassaƙa?

Bakan da aka sassaƙa da hannu daga itacen hickory ko osage, irin wanda wasu maharban Amurka ke shiga dawa da shi neman barewa mai farar wutsiya, ba shi da gudu. Kibiyarsa ba ta cika wuce mita 45 zuwa 50 a daƙiƙa ba, alhali bakan zamani mai 'yan tayoyi yana kusan ninka haka. Tun da ƙarfin kaɗan ne, bai kamata ko ɗigonsa ya salwanta wajen huda fata ba. Shi ya sa kan kibiya mai buɗe baki sai ya taɓa dabba bai dace da irin wannan baka ba: buɗewar kanta tana cin ƙarfi. Abin da ake so shi ne ƙarfe mai baki biyu wanda tsininsa ke fara yanka da zarar ya taɓa gashi, kuma Eskimo na kamfanin Zwickey, wanda aka kafa a jihar Minnesota ta Amurka a 1938, yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a hannun maharba.

Nauyinsa giram 8 ne da 'yan kai, abin da ake rubutawa 125 grains a jikin kwali. Faɗinsa inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, kusan santimita 3, ya wuce mafi ƙarancin faɗin da dokar Minnesota ta yarda da shi, wato bakwai bisa takwas na inci. An riɓanya ƙarfen wajen tsini don kada ya lanƙwashe da wuri. Ramin gindinsa an yi shi ne daidai da sandar kibiya mai kaurin 11/32 na inci. Akwai ƙaninsa Eskilite na siraran sanduna, da Delta mai faɗi, amma ga baka mai ƙarfin ja na laba 40 zuwa 50, Eskimo ne tsaka-tsaki. Delta yana buɗe rauni babba, sai dai yana son baka mai ƙarfi kafin ya ratsa ya fita ta ɗaya gefen.

Babban aibinsa, wanda yake rutsawa da sabon shiga, shi ne ba ya zuwa da kaifin farauta. Kana ciro shi daga kwali ka ɗauka aiki ya ƙare, alhali ko igiyar roba ba zai tsinke ba sai da dannawa. Maharbin ƙasar Hausa da ya gaji kibiya marar gashi mai kunne ya dogara ne da dafi, ko ina ta kama ta yi aiki. A can kuwa dokar Minnesota ta hana dafi, ta hana kunne, zubar jini kaɗai ke kayar da dabba. Baki marar kaifi yana ture jijiyoyin jini gefe maimakon ya datse su, sai barewa ta tafi da rauni a rasa ta.

Washin ba wuya, amma yana son natsuwa. A fara ɗaura kan a jikin sanda don a sami abin riƙo. A sami magagari mai laushin haƙori, na inci 8 ya isa, a tura shi daga gindin baki zuwa tsini, ana riƙe kusurwa ɗaya, kusan digiri 25. Ƙarfen ba shi da taurin da zai gagari magagari, wannan kuwa alheri ne, don ko a dawa ana iya gyara shi. Goguwa goma a wannan gefe, goma a wancan, har sai ɗan yatsa ya ji wani siririn gashin ƙarfe ya taso a bakin. Daga nan a rage dannawa, ana juyawa bayan kowace goguwa, sannan a ƙarasa da goga shi a kan jemammiyar fata. A gwada da igiyar roba a miƙe tsakanin yatsu biyu: in ta tsinke da taɓawa, ya yi. Kuskuren da aka fi yi shi ne sauya kusurwa a tsakiyar aiki, sai baki ya zama kumburarre, ana ta goga ba ya ci. Mutane da yawa kuma suna ɗan datse ƙarshen tsinin da magagari ya zama gajeren kusurwa, domin tsini mai siranta kamar allura shi ne ke naɗewa in ya haɗu da ƙashi. Bayan washi a shafa masa ɗan Vaseline, don ƙarfen yana tsatsa, kuma raɓar safiya ɗaya a cikin kwari ta isa ta dakushe shi.

Wajen ɗaurawa ma akwai inda ake tuntuɓe. Ana fiƙe bakin sanda da abin fiƙa mai kusurwar digiri 5, a wanke ramin kan da acetone, wani sinadari mai narkar da maiƙo, saboda man da ke ciki yana hana gam kamawa, a narka gam na wuta, a zura, a murza. Kafin ya huce a tsayar da kibiyar da tsininta a kan katako a juya ta. In tana rawa, a sake ɗumamawa a daidaita. Baki biyun nan suna kama iska, karkacewar da ido ba ya gani sai ta kai kibiya gefe a yadi 20. Kada a kai harshen wuta kan bakin yanka, zafi yana kashe taurin ƙarfe. Tsawon sandar kuma ya wuce bayan baka da inci guda in an ja har ƙarshe, in ba haka ba gindin ƙarfen zai yanki yatsa.

Wani abin da ake ɗora wa Eskimo laifi alhali ba nasa ba ne shi ne sandar da ba ta dace ba. Bakan sassaƙa yawanci ba a yanke masa taga, wato gurbin da kibiya ke bi a gefen baka, har tsakiya ba, sai kibiya ta lanƙwasa ta kewaye maƙama, don haka yana son sanda mai ɗan taushi, wadda lambar taurinta ta gaza ƙarfin bakan da laba 5 zuwa 10. Da sandar itacen cedar, da gashin talo-talo uku masu inci 5, kibiya za ta kai giram 29 zuwa 32, daidai da baka mai laba 45. A yi atisaye da kai marar baki mai nauyi iri ɗaya, a kuma ware Eskimo guda a riƙa harba shi cikin soso, don a tabbatar duka biyun wuri ɗaya suke sauka.

A dawa, kan nan yana aikinsa ne in an tsaya a iyakarsa. Yadi 15 ga mai farawa, 20 shi ne maƙura. Ƙarar tsirkiya tana riga kibiya isa, barewa ta duƙa za ta zabura, kibiya ta bi ta sama, saboda haka a ɗaura ulu a tsirkiya don rage ƙara, a saita ƙasa-ƙasa a ƙirji, bayan ƙafar gaba, dabbar tana tsaye a gicciye ko ta ɗan ba da baya. Haƙarƙari ba ya tare shi. Allon kafaɗa kuwa yana tare shi, kada a gwada. Raunin da yake bari tsaga ce siririya, wani lokaci jinin da ke zuba ƙasa ba shi da yawa ko da huhu biyu ya ratsa, wannan gaskiya ce da mai saye ya kamata ya sani. A jira rabin sa'a kafin bin sawu, in kuwa kibiyar ta fito da warin tumbi, a bar ta sa'a 8 ko fiye. Samfurin da aka ƙara wa ƙananan bakuna biyu yana buɗe raunin, amma washinsa ya fi wahala, yana kuma rage shiga, ga baka mai laba 40 gara mai baki biyun.

Wanda ba ya son riƙe magagari ya nemi irin waɗanda ake sayarwa a wase, ya biya ƙarin kuɗi. Wanda ya iya zama ya sassaƙa baka kuwa, guda shida sun ishe shi shekaru, muddin yana duba kaifinsu kafin kowace fita.