Fudin ɗin shinkafa irin na Amish: wace shinkafa, wace madara za ki saya?

Amish wasu Kiristoci ne manoma a Amurka, sun fi yawa a jihohin Pennsylvania da Ohio da Indiana, har yanzu keken doki suke hawa, kuma da yawansu shanun tatsa suke kiwo. Shi ya sa fudin ɗinsu na shinkafa, wato wani abin zaƙi mai kauri kamar kunu, ba wani tarkace a ciki, madara ce mai maiƙo da shinkafa da suga da ƙwai, sai ɗan banila da kirfa. To tunda kayan kaɗan ne, duk wanda kika sayo mara kyau sai ya nuna kansa a baki.

Mu fara da shinkafa. Gaskiya kar ki ɓata kuɗinki kan basmati, tsada gare ta kuma warwarewa take yi ɗaiɗai, alhali nan so ake ta saki sitaci ya kama madarar ta yi kauri. 'Yar gwamnati ma haka, an riga an turara ta tun tana shanshera, za ki yi ta dafawa tsawon lokaci ƙwayar na nan tsaye madara na gefe. Shinkafar tuwo ita ce daidai, fara, mai danƙo, ga sauƙin kuɗi, sai dai ki tsince tsakuwa sosai, wanki ɗaya ya isa kar ki wanke sitacin ya tafi. Rabin kofi ya ishi lita 1 ta madara, wallahi za ki ga kamar ta yi kaɗan amma kar ki ƙara, tana kumbura kuma in ya huce ƙara kauri yake.

Madara kuwa nan ne kuɗin ya kamata ya tafi. In kina da inda kike samun madarar shanu sabuwar tatsa wadda ba a yi wa tsarki da ruwa ba, ita ce ta fi kusa da abin da su Amish ɗin ke amfani da shi, ki tace ki tafasa ta tukuna, kuma ki tabbatar ba ta fara tsami ba don tana jin wuta za ta tsinke, nono da kindirmo kam ba sa yi sam. Madarar gari ita ce mafi sauƙin samu, amma dan Allah ki duba jikin leda ko gwangwanin, akwai wadda aka rubuta Full Cream, akwai wadda aka rubuta Filled, ita wannan ta biyun an cire man madarar an sa man tsirrai, ta fi arha, a shayi ba laifi amma a fudin ɗanɗanon ba ya cika baki. Ta ruwa ta gwangwani kuma an ƙone fiye da rabin ruwanta ne, sai ki haɗa ta da ruwa daidai wa daida, tana ba da kauri mai kyau sai dai kuɗi kan tafi in gidan da yawa. Ni dai zaɓina Full Cream ta gari a dama da ɗan kauri, a ƙarshe a zuba ƙaramin gwangwani ɗaya na ta ruwa.

Kirfa ki sayi itacen wajen masu kayan ƙamshi ki daka da kanki, ta fi garin da ya daɗe a kanti. Zabibi ganin dama ne.

Sai tukunya, mai kaurin gindi za ki nema, ta silba mara nauyi tana kamawa nan da nan kuma ƙaurin madara ba ya ɓuya. Wuta ƙasa-ƙasa kamar minti 45 kina juyawa, ƙwai 1 ko 2 kuma ki kaɗa shi da ludayi guda na madarar mai zafi kafin ki juye a tukunya, in ba haka ba zai dunƙule miki a ciki.