ELM327: 'yar na'urar duba mota, inda take da amfani da inda ta gaza

Girmanta bai fi na kwalin ashana ba, yawanci shuɗiya ce ko baƙa, kuma kuɗinta bai kai na kwayil ɗaya na asali ba. Ana samunta wurin masu kayan mota a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ana kuma sayenta ta intanet. Ana cusa ta a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, sai manhaja irin su Torque ko Car Scanner ta nuna abin da birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin mota, ke gani. Mai mota ya saye ta, ƙaramin bakanike ma ya saye ta, amma kowa ya san me yake saya, domin akwai shara da yawa a kasuwa mai ɗauke da wannan suna.

Asalin sunan na wani kamfanin Kanada ne, Elm Electronics, wanda ya rufe a 2022. Kusan duk wadda za ka gani a hannun 'yan kasuwa kwaikwayo ce daga China. Wadda aka rubuta wa v1.5 ma, kamfanin bai taɓa fitar da wannan lamba ba. Duk da haka a cikin na kwaikwayon ita ce ta fi dama-dama, musamman mai ɗauke da cif ɗin PIC18F25K80. Masu arhar da aka rubuta wa v2.1 su ne suka fi ba da ciwon kai: an rage musu umarni da yawa, sukan yi magana da sababbin motoci su yi gum a kan tsofaffi. Rubutun jikin kwali ba hujja ba ne. Ka gwada ta a motarka a gaban mai shago, ka ga ta haɗu ta nuna gudun inji, sannan ka biya. Idan waya ta nemi lambar haɗawa, 1234 ce ko 0000. Mai iPhone kuma kada ya ɗauki mai tsohon Bluetooth, ba za su ga juna ba. Ya nemi mai WiFi ko mai Bluetooth 4.0.

Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 duk suna jin yaren da na'urar ke magana da shi, shi ya sa Corolla, Camry, Accord da Vibe da suka zo daga can ba sa gardama. Na Turai kuwa sai daga 2001 ga masu fetur, masu gas, wato dizal, kuma wajen 2004. Wannan ya shafi masu tsohuwar Golf 3 da Peugeot 406 ta farko-farko, da yawancin tsofaffin motocin da ke shigowa Maraɗi da Damagaram ta Kwatano: soket ɗin na iya zama iri ɗaya, amma na'urar ta yi ta nema ba amsa. Manyan motoci masu batir volt 24 kuma kada a kusance su da ita, ƙonewa za ta yi.

Lambar matsala da na'urar ke karantowa daga birenbos harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na ƙafa da birki, U na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Wannan na'ura a hannun mai amfani da manhajar gama-gari yawanci lambobin P take karantawa, su ma galibi na inji. Fitilar ABS ko ta iyabag in ta kama, yawanci ba za ta ce maka komai ba.

Babban kuskuren da ake yi da ita, har a garejin da ke karɓar kuɗin "sikanin", shi ne ɗaukar lamba a matsayin sunan kayan da za a sayo. Lamba layin da ke kuka take nunawa. P0335 na nufin birenbos ba ya samun saƙon sensan kiranshaf yadda ya kamata. Yana iya zama sensan ne ya mutu, yana iya zama ɓera ya ci waya, ko soket ya cika da baƙin mai, ko haƙorin da sensan ke karantawa ya lanƙwashe. Wanda ya ruga ya sayo sensa kafin ya haska tocila a kan wayar, yakan sayi biyu.

Ɗauki P0171, wadda ta zama ruwan dare a Corolla ta 2003 zuwa 2008. Ma'anarta iska ta rinjayi mai. Wasu da ganinta sai su canja sensan salansa, alhali shi gaskiya ya faɗa. Nan ne na'urar ke biyan kuɗinta, domin tana nuna alƙaluma kai tsaye inji na aiki. Buɗe biyun da ake kira STFT da LTFT, wato gyaran da birenbos ke yi wa yawan mai. Lafiyayyen inji yana yawo tsakanin kashi 10 ƙasa da kashi 10 sama, mafi kyau kusa da sifiri. Bari inji ya yi zafi, ka duba a silo. A ce jimillarsu ta kai 20. Taka totur ka riƙe gudun inji a 2,500. Idan ta faɗo zuwa 5 ko 6, iska ce ke sata ta wani wuri bayan sensan MAF, mai auna iskar da ke shiga inji: tiyo ya tsage, ko gaskit ɗin manifol ya bushe, wanda sananniyar cuta ce a injin 1ZZ na wannan Corolla. Idan kuwa ƙaruwa ta yi da ka taka, koma kan MAF ɗin ko famfon mai. A injin lita 1.8 mai zafi, ba AC, MAF ya kamata ya nuna giram 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Ƙurar hunturu na manne wa siririyar wayar da ke cikinsa, musamman inda aka saba kaɗe matatar iska a mayar maimakon a canja. Kusoshi biyu ne ke riƙe da shi. A cire, a fesa masa maganin da aka yi don shi, a bar shi ya bushe. Kada a goga masa tsumma ko a wanke shi da fetur.

Lambobin mis sun fi sauƙi. P0301 zuwa P0304 suna faɗin silindar da ba ta ƙona mai daidai, P0300 kuma tana cewa abin yawo yake. In ka ga P0302, ka musanya kwayil na biyu da na uku, ka goge lambar, ka zaga. Ta koma P0303, kwayil ne. Ta tsaya a P0302, sai ka yi wa fulogi irin wannan musanya, sannan nozul. Yayin da ka zare kwayil, leƙa cikin ramin: in akwai baƙin mai kwance, gaskit ɗin murfin inji ne ke yoyo, kuma sabon kwayil ma zai bi sahun tsohon. P0300 da ta bayyana jim kaɗan bayan an sha mai a galan a bakin titi, a fara zargin man. Kuma fitilar cek injin in tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, a sauka gefe. Ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa yana dafa katalis, abin da ke tace hayaƙi.

P0420 da P0128 kuwa sau da yawa hannun mutum ne ya jawo su. Ta farko na fitowa a motar da aka fasa wa salansa aka kwashe katalis, abin da 'yan gareji ke kira indomi. Ta biyu na bin motar da aka cire wa tamostat aka haɗa fanka kai tsaye wai don zafin Arewa. Duba zafin ruwa a manhajar bayan tafiyar minti 15: ya kamata ya zauna tsakanin digiri 80 da 95. Wanda ke maƙale a 60 inji ne da ke shan mai kamar kullum safiya ce, kuma mai motar ne ke biya a gidan mai.

Sai maganar mota ta ƙi tashi, inda ya kamata a rage wa na'urar buri. Da farko kunne ne ke aiki. In ka murɗa makulli ka ji ƙas ɗaya, ko ƙas-ƙas-ƙas da sauri fitilun dashbod na dushewa, inji bai juya ba, ELM327 ba ta da abin faɗa sai ƙarfin batir, shi ma a kan kuskure na volt 0.2 ko 0.3 a na kwaikwayo. Wannan aikin mita ne. Batirin da ya kwana ya nuna volt 12.6 cikakke ne, 12.2 ya kai rabi. Lokacin da kik ke ja, kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In batir ya tsaya a 12 da wani abu amma kik bai motsa ba, wutar ba ta isa gare shi ba ne ko shi ne ya gaji: duba kan batir ko ya yi farin gari, duba wayar as da ke ɗaure a jikin inji, gwada tayarwa a N maimakon P. Bayan ta tashi, caji ya zauna tsakanin 13.5 da 14.7. Batir mai rauni kuma yakan zubo tarin lambobin ƙarya, su P0562 da U0100, waɗanda ba sa dawowa in an gyara wuta an goge su.

In kuwa inji na juyawa lafiya amma bai kama ba, a nan tana da rana. Buɗe shafin RPM, wato gudun inji, kaɗai, ka sa wani ya murɗa makulli kana kallo. Ya kamata ka ga 150 zuwa 250. In ya tsaya a sifiri inji na ta juyawa, birenbos bai san ana juya shi ba, don haka ba zai ba da wuta ko mai ba, kuma ka koma kan sensan kiranshaf da wayarsa ko da lamba ba ta fito ba. Motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce rabin awa, sau da yawa nan ciwonta yake. Sai dai a lura: wasu na kwaikwayon na yankewa da waya daidai lokacin da kik ya ja wuta, sai ka zaci sifiri ne alhali na'urar ce ta suma. Ka tabbata alamar haɗuwa na nan kafin ka yanke hukunci.

Ga mai wahalar tashi da safe, kafin ka taɓa kik, kunna makulli kawai ka gwama zafin ruwa da zafin iskar shiga. Motar da ta kwana, su biyun kada su bambanta da fiye da digiri 4 ko 5. In iska ta ce 22 ruwa ya ce 70, birenbos na ba da man inji mai zafi ga inji mai sanyi, sai an yi ta ja. In ruwa ya nuna 40 ƙasa da sifiri, waya ce ta yanke ko soket ya fita. Irin wannan sensa mai ƙarya kaɗan-kaɗan ba ya kunna fitila, kuma ba a kama shi sai da alƙaluman kai tsaye.

Abin da ba ta gani kuma babba ne. A yawancin waɗannan motoci ba sensan da ke auna ƙarfin mai, saboda haka famfon da ya mutu ba ya barin lamba. Kasa kunne a bakin tanki ka ji ko famfo na aiki, duba fiyus da rile masu rubutun EFI, sannan geji a kan layin mai: Corolla na son 44 zuwa 50 psi. Ba ta ganin kwamfireshan. Ba ta cika nuna matsalar makulli mai cif ba, irin B2799 ta Toyota. Can fitilar tsaro ce za ta gaya maka, in ta ci gaba da ƙyaftawa makulli na kunne. In kuma na'urar ta ƙi haɗuwa sam da motar da ta saba haɗuwa da ita, kada a yi saurin cewa birenbos ya ƙone, maganar da ta ci kuɗin mutane da yawa. Duba ko fitilar cek injin na kamawa da an kunna makulli. In ba ta kama ba, wuta ce ba ta kai wa birenbos. Auna baki na 16 da na 4 a soket, a ga volt 12. A motar CAN, wato duk na Amurka daga 2008, cire kan batir ka auna tsakanin baki na 6 da na 14: om 60 ake nema.

Maɓallin goge lamba shi ne mafi haɗari a manhajar, don sauƙin danna shi. Gogewa na tafiya da hoton da birenbos ya ɗauka lokacin da matsalar ta faru, wato gudun inji, zafin ruwa da nauyin da yake ja a wannan daƙiƙa. Ɗauki hoton allo tukuna. Wannan maɓalli dai shi ne makamin dillalin da ke son ɓoye aibu, kuma na'urar na tona shi. In za ka sayi mota, buɗe shafin gwaje-gwajen da birenbos ke yi wa kansa. Ka ga na katalis da na sensan salansa duk ba su kammala ba, ko nisan da aka yi tun gogewar ƙarshe kilomita 8 ne kacal, to ba a daɗe da share wani abu ba, ko an cire batir. In manhaja ta ce fitila a kunne take amma dashbod duhu, an cire ƙwan ne ko an liƙe shi.

A tsofaffin motoci na'urar tana da nawa, don haka ka zaɓi alƙaluma uku ko huɗu kawai a allo, in ba haka ba kowanne sai ya yi daƙiƙa biyu kafin ya motsa. Mai gareji da ke taɓa giya, ABS da iyabag kullum zai buƙaci babbar na'ura irin ta Launch ko Autel, wannan ta zauna masa a aljihu don dubawar farko. Kuma in an gama a zare ta: baki na 16 na da wuta ko mota a kashe take, kuma ta kwaikwayon ba ta barci, motar da aka ajiye mako biyu da ita a jiki tana iya wayar gari batir ya yi ƙasa.