Disjonktar ko diferansiyal: wanne ne ke yanke wutar sabon garejin?

Wani ɗan wannan zaure da ke zaune a Bukoki, nan Yamai, ya ce an ja masa sabuwar waya daga akwatin wutar gida zuwa gareji, kuma tun daga ranar wuta ke yankewa, wani lokaci idan ya tayar da injin hura iska, wani lokaci kuwa da ya kunna fitila kawai. Yana tambaya ko ya sayo disjonktar mafi girma ya huta.

Malam, kafin ka nufi kasuwar Katako, ka ɗaga murfin akwatin ka duba wanne ne ya faɗi, domin na'urori biyu ne ke jere a ciki, sun yi kama a ido amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ƙaramin disjonktar, wanda aka rubuta wa C16 ko C20 a goshi (lambar tana nuna amfiya, wato ƙarfin wutar da yake ɗauka), waya yake tsarewa kada ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta har ta yi zafi ta jawo gobara. Diferansiyal kuwa ya fi faɗi, an rubuta masa 30 mA (mA ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya), yana da ɗan maɓallin gwaji mai harafin T, kuma ran mutum yake tsarewa: yana auna wutar da ta fita ta wayar faz, wato mai kai wuta, da wadda ta komo ta shuɗiyar waya, in ya ga giɓi sai ya yanke.

Ƙaramin disjonktar yana faɗuwa ta hanya biyu, kuma lokacin faɗuwar shi ke nuna dalili. Idan sai an ɗauki mintuna ana aiki kafin ya faɗi, kaya ne suka yi masa yawa, domin amfiya 16 a kan volt 220 bai wuce wat 3,500 da 'yan kai ba. A nan zafinmu yana da hannu, tunda an daidaita waɗannan na'urori ne a kan ma'aunin zafi 30, alhali a watannin Afrilu da Mayu Yamai na haura 40, balle gareji mai rufin kwano da tsakar rana. Kusoshin da ba a ɗaure da kyau ba ma suna ƙara masa zafi, kuma za ka gane su da warin ƙonewa ko da robar da ta yi baƙi a bakin waya. Idan kuma nan take yake faɗuwa da zarar injin ya tashi, to ko dai wayoyi ne suka haɗu, ko kuma fizgar tashi ce, domin injin yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ci a tafiya. Mai harafin C yana yankewa nan take tsakanin ninki 5 da 10 na lambarsa, wato C16 na iya faɗuwa tun daga amfiya 80, mai harafin D kuwa sai tsakanin ninki 10 da 20. Maganin wannan shi ne a ba injin layinsa shi kaɗai, sannan mai aikin ya duba ko tsawon wayar zai yarda a sa mai harafin D.

Diferansiyal ba ruwansa da nauyin kaya. Yoyon wuta yake bi, kuma yana iya faɗuwa tun daga rabin lambarsa, wato 15 mA. A sabon aiki, abin da na fi zargi shi ne shuɗiyar waya: ko an ɗauko ta daga sandar haɗa wayoyi ta cikin akwati da ba ta ƙarƙashin wannan diferansiyal ɗin, ko kuma ta taɓa wayar ƙasa mai launin kore da ɗorawa a cikin wani akwatin bango, inda aka cusa wayoyi aka matse su da murfi. Alamar wannan ita ce ya zauna lafiya muddin ba a kunna komai ba, amma ƙaramar fitila ma ta isa ta kayar da shi, abin da ya yi daidai da rabin labarinka. Laimar damina, tsakar da ta mutu a cikin soket, da ƙusar da ta fasa rigar waya suna biye. Akwai kuma taruwar ƙananan yoyo daga firji da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda ɗaya ba ya kayar da shi amma jimillarsu na iyawa, shi ya sa ya fi kyau gareji ya samu diferansiyal nasa, nau'in A idan za a yi amfani da injin walda na zamani.

Gwajin da za ka iya yi da kanka ba ya buƙatar kwance komai. Ka zare duk abin da aka jona, ka sauke ƙananan disjonktar duka, ka ɗaga diferansiyal, sannan ka riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kana kunna kayan kowane layi har ka ga wanda ya kayar da shi. Sai dai idan naka faz kaɗai suke yankewa, matsalar shuɗiyar waya za ta iya ci gaba ko an sauke su. Idan kuwa gida duka ya yi duhu amma babu abin da ya faɗi a akwatinka, ka duba wajen mitar kamfanin wuta na NIGELEC, domin mai yiwuwa ka zarce ƙarfin da ka yi rajista, kuma wannan ɓangaren ba naka ba ne ka kwance.

A ganina matsala biyu gare ka, kuma babban disjonktar ba zai warware ko ɗaya ba. A ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, waya mai kaurin 1.5 mm² ba ta wuce amfiya 16, mai 2.5 ba ta wuce 20, amfiya 32 kuwa sai mai 6. Wanda ya ɗora 32 a kan siririyar waya ya cire mata mai gadi ne kawai, diferansiyal kuma zai ci gaba da faɗuwa yadda ya saba. Ka kira wanda ya yi aikin ya dawo, ya bi shuɗiyar wayar garejin har sandar da ta fito, ya gwada rigar wayoyin da na'urar gwaji ta volt 500, ya kuma auna sandar da aka kafa a ƙasa, domin busasshen rairayinmu ba ya karɓar wuta da sauƙi a lokacin rani.