A Tribe Called Quest: Kundin 1991 ko Na Dawowarsu a 2016?

Ana yawan tambaya kan kundayen waƙa biyu na wannan ƙungiyar hip-hop ta Amurka: da wanne za a fara, The Low End Theory na 1991 ko na 2016, We Got It from Here... Thank You 4 Your Service?

Na 1991 waƙoƙi 14 ne, kusan minti 48. Kiɗan ba cunkoso, ganga da bes (kiɗa mai kaurin amo) na jaz kawai, har Ron Carter, fitaccen makaɗin bes na jaz, ya kaɗa a waƙa ɗaya. Matsalarsa guda: a lasifikar waya bes ɗin ɓacewa yake, sai ka ji kamar fanko. Sai da abin kunne mai kyau.

Na 2016 ya fito ne bayan shekara 18 ba kundi. Waƙoƙi 16, kusan awa guda, ga baƙi irin su Kendrick Lamar, André 3000 da Elton John. Phife Dawg, ɗaya daga cikin mawaƙan ƙungiyar, ya rasu a Maris ana tsaka da aikin, shi ya sa alhini ya ratsa shi, ga siyasar Amurka ta lokacin. Sauraro ɗaya bai isa a gane shi ba.

Sabon shiga ya fara da na 1991. Wanda ya saba da muryar Phife, kuma Turancinsa ya nuna, na 2016 zai fi taɓa shi.