Ciwon Bayan Uwa: Kairofiraktik ko Fisiyo?

Uwar da ke goyo, ta sunkuya wanki, ta ɗaga bokitin ruwa, ba abin mamaki ba ne ƙugunta ya riƙe kafin la'asar.

Kairofiraktik, wanda D.D. Palmer ya fara a Amurka a 1895, gyaran ƙashin baya ne da hannu. Za ki kwanta a kan gado na musamman, a murɗa ki a danna da sauri, ki ji ƙas! Zaman gajere ne, abin da ke jan hankalin mai hidima ke nan, kuma wasu na samun sauƙin ciwon ƙugu. Amma masu yinsa ƙalilan ne a Najeriya, sannan ana yawan cewa ki dawo. Murɗar wuya kuwa ni ina tsoronta: ko da yake ba kasafai ba, an danganta ta da yagewar jijiyar jini da shanyewar jiki.

Fisiyo, wato jinya ta hanyar motsa jiki, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, sai da haƙuri, ga layi. Sai dai can ake koya miki motsa jikin da zai ƙarfafa naman ciki da na baya waɗanda juna biyu ya sassauta, da yadda za ki durƙusa ki ɗauki yaro maimakon sunkuyo. Wannan kina iya yinsa a tabarma bayan sallar asuba, kyauta. Shi na fi so wa mai jego.

Idan ƙafa ta fara mutuwa ko fitsari na kufcewa, likita za ki gani a ranar.