Famfo, foraj ko basan: wanne zai riƙe masana'antarka a Maradi?

Duk mai buga bulo, marina ko majema a garin nan ya san ruwa ne ke fara cinye riba, musamman daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Gulbin Maradi ya koma rairayi zalla. Shekara da shekaru ina buga bulo, kuma babu hanyar samun ruwa da ban taɓa ba.

Ruwan famfo tsabtatacce ne, amma faktir na hawa da yawan abin da ka ja, ga ɗaukewa da rana tsaka. 'Yan garuwa kuwa na ranar gaggawa ne: sai bido 40 na lita 25 kafin ka haɗa mita kubik ɗaya.

Foraj shi kowa ke mafarki, kuma a nan na ƙone. Wani mai haƙa ya karɓi kuɗin zurfin da muka yi ciniki, ya tsaya a ruwan sama-sama, ya rufe. Da damina abin gwanin sha'awa, Afrilu na kamawa sai iska. Don Allah ka tsaya da ƙafarka ka ƙirga tiyo ɗaya bayan ɗaya yayin da ake zura su. Kada ka biya cikon kuɗi sai an ja ruwa awanni a gabanka ka ga bai ja baya ba. Pampon cikin rijiya ma jabu ya yi yawa: kwali mai kyau, suna sananne, ciki kuwa tsohon inji ne aka sake naɗa wa waya. Ɗaga shi ka ji nauyi, ka nemi takardar garanti mai hatimi. Haka faifan sola, a gwada shi cikin rana kafin a ɗora a mota. Sannan a kai ruwan awo. Ba mu manta da yaran Tibiri, nan kusa da Maradi, da sinadarin fuluwo na ruwan foraj ya lanƙwasa wa ƙafafu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a miligiram 1.5 cikin lita.

Ni dai abin da na fi so shi ne basan, wato ramin siminti na tara ruwa, mai ɗaki uku. Na dafe filin da muke ba bulo ruwa da siminti, na ɗan karkata shi, duk ruwan da aka yayyafa wa bulo yana gangarowa ta kwata zuwa ɗakin farko. Nan yashi da laka ke kwanciya. Ya tsallaka na biyu ta saman katanga, ya ratsa tsakuwa, ya isa na uku garau, mu sake ɗiba mu yi bayi da shi. Ruwan indararo ma can yake shiga da damina. Basan ɗin ba ya cin lantarki, magini na unguwa zai iya gina shi, aikinsa kawai kwashe laka da shebur da kuma murfi saboda sauro da yara.

Masu rini da jima, ruwan ɗauraya na ƙarshe shi za ku mayar jiƙon farko. Ruwa mai toka da launi a ware masa raminsa daban, nesa da rijiya.