Kwafi biyu na zanen Graham Sutherland daga wani shago a Landan

Wani ƙaramin shago a Landan da ke sayar da kwafin tsofaffin zane-zane ta intanet ya aiko mini da ayyuka biyu na Graham Sutherland, mai zanen Ingila da ya rayu daga 1903 zuwa 1980, wato Pecken Wood na 1925 da Pastoral na 1930. Asalinsu irin zanen nan ne da ake shafe farantin tagulla da kaki, a karce shi da allura, a tsoma shi cikin asid domin ya ci layukan, sannan a cusa tawada a danna shi kan takarda.

Takardar tana da kauri kuma an naɗe ta da kyau cikin kwali, sai dai a wuraren da inuwa ta yi duhu siraran layukan sun haɗe sun zama baƙi ɗaya, alhali a irin wannan aiki layukan su ne abin kallo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne takardar bayanin da aka haɗo da su, wadda ta ce Pastoral madubi ne na fargabar da ta kama jama'a bayan rushewar kasuwar hannayen jari ta Amurka a watan Oktoban 1929. Maganar tana da tushe, domin rushewar ta kashe kasuwar irin waɗannan zane-zane da Sutherland ke cin abinci da ita, kuma marasa aikin yi a Birtaniya sun haura miliyan biyu a 1930. Idan aka jera kwafin biyu, ido kaɗai ya isa shaida: na farko ƙauye ne mai natsuwa irin na Samuel Palmer, wani tsohon mai zanen Ingila da Sutherland ya yi koyi da shi, na biyu kuwa bishiyoyi ne murɗaɗɗu masu kogo da dogayen inuwoyi, har sun fara fita daga kamannin bishiya. Inda marubucin takardar bayanin ya wuce gona da iri shi ne da ya mai da kowace bishiya ma'aikacin da aka sallama, kamar Sutherland ne ya raɗa masa hakan a kunne.

Mai niyyar saye ya haɗa biyun, ya kuma nemi mafi girman bugu saboda matsalar inuwar da na ambata.